Gudummawar Palu daga Yogyakarta: yadda aikin ke tafiya

Lahadi, 30 Satumba 2018

Shekaranjiya Juma'a, da ƙarfe 6:02 na yamma agogon Sulawesi, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.5 ta afka wa gundumar Donggala da birnin Palu, a tsibirin Sulawesi na ƙasar Indunusiya. Mutane na shirin magariba. Kafin su gama tattara hankalinsu, teku ta hau gari. Palu tana zaune ne a ƙuryar wani dogon lungun teku mai ƙunci kamar mazurari, shi ya sa ruwan da ya shigo ya taru ya yi tsiri, a wasu wurare ya kai mita 6. A bakin tekun Talise kuwa jama'a sun cika maƙil, domin a daren ne za a buɗe bikin shekara-shekara na Palu Nomoni. Yau hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, BNPB, ta ce waɗanda suka rasu sun haura 800, kuma har yanzu ba a ji ɗuriyar ƙauyuka da yawa na Donggala ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu a nan tsibirin Jawa ko motsi ba mu ji ba. Amma Yogyakarta garin ɗalibai ne, larduna da yawa suna da gidajen kwanan 'ya'yansu a nan, har da Sulawesi ta Tsakiya, lardin da Palu take ciki. Akwai wata 'yar ajinmu 'yar Palu. Tun daren Juma'a take kiran lambar mahaifiyarta, can kuwa babu wuta, babu sabis, turakun waya sun faɗi.

Bayan la'asar mu ɗaliban Afirka muka zauna a barandar masallacin unguwa, Hausawa da 'yan'uwanmu na wasu ƙasashe. Ba mu da yawa, kuma yawancinmu da kuɗin tallafin karatu muke rayuwa. Duk da haka mun amince cewa ba za mu tsaya a kan ta'aziyya ba. Ƙasar nan ta ba mu gurbin karatu, mutanenta sun ba mu ɗakin kwana, sun yi haƙuri da gurguwar Indunusiyancinmu. An fara da karo-karo a tsakaninmu, aka naɗa ma'aji, aka sayi littafin lissafi. An kuma kawo shawarar shirya daren al'adu da abinci, a tara abin da ya fi ƙarfin aljihunmu. Ni aka ɗora wa rubuta yadda aikin ke tafiya.

Juma'a, 5 Oktoba

Bayan sallar Juma'a liman ya ja mu sallar jana'iza ta ga'ibi. A gida ba mu saba da ita ba, tunda Malikiyya ba su ɗauke ta ba, amma nan ƙasar Shafi'iyya ce, muka bi sahu. Adadin mamata ya wuce 1,500.

Sai a makon nan muka gane cewa ba teku kaɗai ta yi ɓarnar ba. A unguwannin Petobo da Balaroa, da ƙauyen Jono Oge a gundumar Sigi, ƙasa ce ta narke. Wani malaminmu ya yi mana bayani: idan ƙasa mai rairayi ta ƙoshi da ruwa, sannan aka jijjiga ta da ƙarfi, sai ƙwayoyin rairayin su saki juna, tudu ya koma taɓo, ya kwarara da duk abin da ke kansa. Gidaje, tituna, itatuwan kwakwa, duk suka yi tafiya suka nutse. Waɗannan wurare nesa suke da bakin teku, wasu mutanen ma can suka nufa don gudun ruwa. Gadar Ponulele mai ruwan ɗorawa, wadda ake gane Palu da ita a hoto, ta karye ta faɗa bakin kogi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. An yi gargaɗin tsunami, aka janye shi bayan minti 34. Kakakin BNPB, Sutopo Purwo Nugroho, ya fito ya faɗa wa duniya cewa na'urori 22 da aka dasa a teku don hango irin wannan ruwa ba sa aiki tun 2012. Mutumin nan yana fama da cutar daji ta huhu, amma kullum yana gaban 'yan jarida yana faɗin gaskiya yadda take. Allah Ya ba shi lafiya. Haka kuma ba zan manta da Anthonius Gunawan Agung ba, saurayi ɗan shekara 21 mai kula da tashin jirage a filin jirgin Palu, wanda ya ƙi barin hasumiya tana girgiza sai da ya ga jirgin fasinja ya tashi lafiya, sannan ya yi tsalle, ya rasu daga raunin da ya ji.

'Yar ajinmu ta ji muryar mahaifiyarta ranar Talata. Tana raye, tana kwana a filin Allah tare da maƙwabta. Gidan kawunta yana Petobo, shi kam shiru.

Litinin, 8 Oktoba

Shirinmu na farko shi ne tara tufafi. Kowa ya buɗe akwati, har an cika buhuna. Sai matar da nake haya a gidanta ta ga buhunan a tsakar gida. 'Yar Bantul ce, gunduma a nan kusa da Yogyakarta, tana can ranar 27 Mayu 2006 da girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da 5,700 a wannan yanki, ta yi watanni a ƙarƙashin tamfol.

Ta ce, "Mas," wato ɗan'uwa, "ina za ku kai waɗannan?"

Na ce, "Palu, Ibu," wato Inna.

Ta zauna a bakin dakali ta ce a lokacinsu tufafi sun yi tsibi har ruwan sama ya ruɓar da su, alhali abin da ta kwana tana nema shi ne ruwan sha, da makewayin da mace za ta shiga da dare ba tsoro, da audugar mata, da abin da za a ba jariri. Ta ce, "Ku tambaye su tukuna. Wanda ke cikin tanti ya fi ku sanin abin da babu."

Na kai maganar gaban 'yan'uwa, ba wanda ya yi musu. Kuɗin jigilar buhu zuwa Sulawesi ma ya isa a sayi kayan a can, a birnin Makassar. Muka ware tufafin da ke da kyau za mu sayar a kasuwar gwanjo, kuɗin ya shiga asusu. Da yamma muka je gidan ɗaliban Sulawesi ta Tsakiya. Sun riga mu nisa: sun kafa wurin karɓar taimako, suna da sunayen sansanoni, wasunsu ma sun kama hanyar gida. Muka ce musu mun zo mu shiga bayansu ne, su faɗi inda za mu kama.

Lahadi, 14 Oktoba

Ranar Juma'a gwamnati ta dakatar da aikin tono gawarwaki. An ƙirga sama da 2,000, an binne da yawa a babban kabari a Poboya, kuma ana fargabar dubbai suna ƙarƙashin taɓon Petobo da Balaroa. Kawun 'yar ajinmu da iyalinsa suna cikinsu. Allah Ya jiƙansu.

Maganar izini ta daidaita. Akwai doka tun 1961 da ta ce mai tara kuɗi ko kaya daga hannun jama'a sai ya nemi izini, mu kuma takardar zamanmu ta karatu ce. Saboda haka komai zai gudana a ƙarƙashin ofishin ɗalibai na makarantarmu, tare da ƙungiyar ɗaliban Sulawesi ta Tsakiya. Ita gwamnati ma, da ta amince da taimakon ƙasashen waje tun 1 ga wata, ta ce ƙungiyoyin waje su bi ta hannun na gida. Na ga wasu suna ƙorafi a kan haka. Ni dai a wurinmu ban ga aibu ba, baƙo ba ya fin ɗan gari sanin hanya.

Yau muka fara sayar da zoɓo a kasuwar safiyar Lahadi da ke ci a gefen jami'ar Gadjah Mada. Ana samun busasshen zoɓorodo a nan, suna shansa da zafi kamar magani, ba su san shi da sanyi da citta da kanumfari da abarba ba. Kofi ɗaya rupiya 5,000, dala ɗaya kuwa yanzu ta kai rupiya 15,000. Kafin ƙarfe tara kula biyu sun ƙare. Da yawa sun ba da takardar 20,000 suka ce a bar canji.

Asabar, 27 Oktoba

An sa ranar taro: Asabar, 10 Nuwamba, a zauren makaranta. Amma makon nan mun sha muhawara, kuma ina ganin ya kamata a rubuta ta.

Wani babban yayanmu, mai karatun digiri na uku, ya ce ransa bai kwanta da kiɗa da rawa ba alhali gawarwaki na ƙarƙashin ƙasa. Ya ce a yi wa'azi da addu'a, a zagaya da kwali, a tashi. Wasu suka ce idan haka ne mutum ɗari ba za su zo ba, kuma waɗanda za su zo ɗin su ne dai waɗanda suka riga suka bayar a masallaci. Murya ta fara tashi. Maganarsa tana da nauyi, ni ma na ji ta a jikina, domin a gida ba a kiɗa a gidan makoki.

Sai muka ce masu makokin su yanke. Shugaban ɗaliban Sulawesi ta Tsakiya ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce wata guda ke nan duk wanda ya ji sunan garinsu gawa yake tunawa da laka. Ya ce suna so a ga cewa Palu tana da abinci, tana da saƙa, tana da rawa, kuma mutanenta suna nan. Ya roƙi abu ɗaya: kada a haska hoton gawa ko na yaro yana kuka don a motsa zuciyar masu bayarwa. Yayanmu ya yi shiru, can ya ce, "To, ku ne masu abu. Amma a buɗe da addu'a, a tsaya lokacin isha'i." Aka amince. Rawar Dero ta mutanen Poso, wadda ake yi a da'ira ana riƙe da hannun juna, za a yi ta da'ira biyu, maza daban mata daban.

An kuma tsayar da abin da za a yi da kuɗin. Ɗaliban da suka dawo daga can sun ce taimako ya fi taruwa a cikin birni, Sigi kuwa an bar ta a baya. Babbar hanyar ruwan noma ta Gumbasa ta farfashe, dubban hekta na shinkafa sun bushe, rijiyoyi sun ƙafe. Za mu sayi tankunan ruwa mu gina makewayi a wani sansani guda a Sigi. Sansani guda kawai, wanda za mu iya bin sawunsa mu san abin da ya faru da kowace rupiya.

Asabar, 3 Nuwamba

Hankalin ƙasa ya koma kan jirgin Lion Air da ya faɗa teku ranar 29 Oktoba da mutum 189. Labarin Palu ya sauka daga shafin farko. Cinikin zoɓo ma ya ja baya, masu barin canji sun ragu. Tikiti kuwa an sayar da kusan rabi. An samu lasifika aro, an buga takardun talla, ruwan sama ya fara sauka.

Lahadi, 11 Nuwamba

An yi taro jiya, alhamdu lillahi, kuma zaure ya cika har wasu suka tsaya a baranda.

Tun asuba muke kicin. Ƙullun waina ya kwana ya tashi yadda ake so. Tanda ce ta so ta gagare mu, sai matar gidanmu ta kawo ƙananan kaskon ƙasa da suke toya wainarsu ta shinkafa da madarar kwakwa, ta jera su a kan garwashi. Wata 'yar'uwarmu Bakatsiniya ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana zuba mai tana juyawa da tsinke, Ibu na gefenta tana fifita wuta, ba mai jin yaren wata sosai, amma hannuwansu sun fahimci juna. Tsire kuwa sai da muka soya ƙuli-ƙuli da kanmu muka daka da citta da barkono. Mutanen nan sun san nama a tsinke, amma da romon gyaɗa mai zaƙi suke ci, yajin ƙuli ya zo musu sabo. Layinsa ne ya fi kowane tsawo. A teburin da ke kusa da namu ɗaliban Palu sun dafa kaledo, farfesun ƙashin ƙafar sa mai tsamiya da barkono, ana ci da dafaffen rogo, ana zuƙe ɓargon da tsinken shan lemo. Sun kuma kawo soyayyar albasar Palu a ƙananan leda, ta ƙare tun kafin magariba.

Yayanmu ne ya buɗe da addu'a, wani ɗalibi Kirista ɗan Sigi ya yi tasa, domin a Jono Oge akwai yaran makaranta da laka ta rutsa da su suna taron nazarin Littafi Mai Tsarki. Daga nan 'yar ajinmu ta hau dandamali. Ba ta yi kuka ba. Ta kwatanta layin gidan kawunta a Petobo, gida bayan gida, wane ne mai shago, wace ce mai sayar da kifi, ina yara ke ƙwallo. Ta ce yau ko alamar layin babu. Ta yi godiya ta sauka. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci.

Bayan isha'i 'yan'uwanmu mata suka yi kiɗan ruwa. Ƙwarya ɗaya tak muke da ita, wata ta zo da ita daga gida tana dama fura, aka kife ta a babbar roba cike da ruwa. Na yi wa jama'a bayanin liƙi, na ce a wurinmu idan kiɗa ya yi daɗi ana tasowa a manna wa mai yi kuɗi a goshi, amma yau duk abin da aka liƙa kwali zai shiga. Da farko sun ji nauyi. Sai wani dattijon malami ya taso da takardar 50,000 ya liƙa, daga nan ɗalibai suka yi layi. An yi gwanjon zanen saƙar Donggala guda biyu da wata hula zanna da ɗaya daga cikinmu ya sadaukar. Aka rufe da Dero, da'ira biyu kamar yadda aka yi alkawari, kuma na ga yayanmu a ta maza.

An ƙirga kuɗi a daren, a gaban ma'ajinmu da ma'ajin ɗaliban Sulawesi da wakilin makaranta, kowa ya sa hannu. Bayan an cire kuɗin cefane, mun samu kusan kashi biyu cikin uku na abin da muka sa a gaba. An manna takardar lissafi a allon sanarwa.

Talata, 20 Nuwamba

Hutun Mauludi. An tura kuɗin ta banki zuwa ga ɗaliban sa-kai da ke Sigi. Sun ce a Palu za su sayi tankunan, su ɗauki magina daga cikin mutanen sansanin a biya su ladan aiki. Wannan ya fi mini daɗi a kan a kawo ma'aikata daga waje, domin manomin da gonarsa ta bushe yana bukatar abin da zai riƙe a hannu.

Lahadi, 9 Disamba

Hotuna sun iso, da rasit. Tankuna sun hau kan gadonsu na katako, motar ruwa tana zuwa tana cikawa. Makewayin mata an gama, an sa ƙofa mai sakata da fitila mai aiki da hasken rana. Na maza ya tsaya a rabi, siminti ya yi tsada a can kuma kuɗi sun ƙare. Na nuna wa Ibu hoton ƙofar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Sakatar tana ciki ko?" Na ce tana ciki.

Gwamnati tana gina gidajen wucin gadi, kowane gini ɗaki 12, iyali guda a ɗaki guda. Mutanen sansaninmu ba su samu shiga ba tukuna, damina kuma ta kankama a kan tamfol.

Laraba, 26 Disamba

Daren Asabar 22 ga wata wani ɓangare na dutse mai aman wuta Anak Krakatau ya zaftare cikin teku, ruwa ya hau gaɓar lardunan Banten da Lampung. Ba girgizar da ta gabace shi, ba gargaɗi. Mutum sama da 400 sun rasu. Yau kuma shekara 14 cif da tsunamin Aceh. A cikin wata biyar ƙasar nan ta ga girgizar ƙasar Lombok, ta ga ta Palu, ga kuma wannan.

An kawo shawarar a karkatar da cinikin zoɓon makonnin nan zuwa Banten, tunda can ne ido yake yanzu. Na ƙi, kuma na faɗi dalilina. Wanda ya sayi kofi a teburinmu ya ga allo an rubuta Sigi, kuɗinsa amana ce ta Sigi. Banten tana kusa da Jakarta, motocin agaji suna isa a yini guda. Mutanen da muka yi wa alkawarin makewayi kuwa suna can wata uku a tanti, kuma masu ɗaukar hoto sun riga sun tafi. Aka tsaya a kan ajiye kwali na biyu a teburin, da sunansa daban da lissafinsa daban, a miƙa shi ga ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Indunusiya.

Lahadi, 3 Fabrairu 2019

A ƙarshen watan jiya gwamnan Sulawesi ta Tsakiya, Longki Djanggola, ya fitar da alƙaluma: mutum 4,340 ne suka rasu ko suka ɓace. Adadin ya ninka wanda muka sani a Oktoba.

Makewayin maza ya kammala da kuɗin zoɓon Disamba da Janairu. An miƙa kwalin Banten, rasit yana cikin littafi. Mutum biyu daga cikinmu sun gama karatu sun koma gida, ciki har da mai toya waina, ta bar mana ƙwaryarta. Ma'aji ya miƙa littafi ga sabon ma'aji a gaban kowa.

Mun sake tambayar mutanen sansani abin da ya fi matsa musu yanzu. Matan sun ce jari: tukunya, murhun gas, da ɗan abin da za a fara sayar da abinci a bakin hanya kafin azumi, wanda zai kama a farkon Mayu. Ɗaliban sa-kai za su turo sunaye da abin da kowace ke bukata. Muna tunanin taro na biyu a Afrilu, ƙarami, na abinci zalla, domin tikiti ba zai sayu kamar na Nuwamba ba. Ana bukatar mutum biyu da za su riƙa tashi da asuba ranar Lahadi don teburin zoɓo, da wanda zai je kasuwar Beringharjo ya nemo zoɓorodo a farashin sari. Zama na gaba ranar Asabar bayan la'asar, a barandar masallaci.